Ranar Alhamis Ba a Ba Mika'ilu Magani

"Yau wace rana ce ma?"

"Alhamis mana. Ranar Baba Vibration."

"Kash! Da na tuna da na jawo ƙanwata. Na ba ta labari ta ce sharri nake masa."

"Wai da gaske yake yi, ko dai wasa ne?"

"Wane wasa? Miƙa masa shayi ki gani. Rabi a kofi, rabi a takalminki."

"Ni dai tun da na gan shi ban sake manta tremble ba, ko daga barci aka tashe ni."

Ɗaliban suka kwashe da dariya suka haye sama. Mika'ilu yana ƙarƙashin matakalar yana matse tsumman goge-goge a bokiti, kuma babu kalmar da ta wuce kunnensa. Bai ɗaga kai ba. Sunan ya daɗe da daina yi masa zafi. Abin da ke ransa a safiyar nan yana aljihun gaban rigarsa, ƙulle a 'yar leda: ƙwayar magani guda, fara, ba ta kai ƙwayar wake ba. Da ita yake so ya ɗauki jikarsa yau.

Mutumin Ɗanja ne. Ya zo Abuja da ƙuruciyarsa, lokacin da garin ke cin dutse kamar ba zai ƙoshi ba, ya sauka a Mpape ya kama aiki a wurin fasa dutse. Shi ne mai riƙe injin huda, wanda ake dannawa a jikin dutse a yi ramin zuba nakiya. Injin nan ba hannu kaɗai yake girgizawa ba, har haƙora da ƙwayar ido. In an tashi da yamma sai su baje wurin mai shayi, hannun kowa na ci gaba da rawa shi kaɗai, suna tsokanar juna: "Kai, kashe injinka mana, an tashi!" Kafin shayi ya huce hannu ya kwanta. Haka aka yi ta yi shekara da shekaru. Sai wata shekara na kowa ya kwanta, na Mika'ilu ya ƙi.

Aka mai da shi wurin loda tifa, daga nan gadi, daga nan aka ce ya je gida ya huta za a neme shi. Ba a neme shi ba. Matarsa Juwairiyya ce ta riƙe gidan da tuyar ƙosai a bakin hanyar da ke hawa dutse. Ita ce kuma ta san yadda ake yi da hannun. In zai sha koko sai ta ɗora tafinta a bayan hannunsa, ba matsi, ba magana, ta ci gaba da hirarta da maƙwabciya kamar ba ta san inda hannunta yake ba, shi kuwa ya sha kokonsa bai zuba ba. Wata damina zazzaɓi ya kwantar da ita, bai tashe ta ba. 'Yarsu tilo, Ummukulthum, wadda yake kira Kulu, ta auri Aminullahi mai shagon kayan waya a Karmo. Mika'ilu ya sauko daga Mpape da buhu ɗaya a kafaɗa, ya samu shara a wani benen shaguna a Utako, da ɗan ɗakin kwana a ƙarƙashin matakala.

A saman benen ne makarantar Mista Bartholomew take, inda manya ke koyon Turancin jarrabawar fita waje: nas-nas, ma'aikatan gwamnati, masu digiri a aljihu, kowa na jiran Turanci ya buɗe masa ƙofar jirgi. Mista Bartholomew ya iya aikinsa, wannan ba a hana shi. Aƙidarsa ita ce abin da ido ya gani ba ya fita daga kai. Wata rana yana ta fama da aji a kan kalmomin girgiza, ya yi bayani har muryarsa ta dushe ba wanda ya gane, sai ga Mika'ilu ya shigo da shayin da aka aike shi. Kofi a kan faranti, cokali a cikin kofi, suna ta ƙwal-ƙwal-ƙwal tun daga ƙofa.

"Baba, tsaya nan! Kar ka ajiye! Class, listen. Kun ji ƙarar nan? That is rattle."

Aji ya ɗauki "rattle" gaba ɗaya, aka yi tafi. Mika'ilu ya yi murmushi shi ma, don bai san me ake yi wa tafin ba.

Tun daga ranar Alhamis ta zama tasa. Ba ya jin Turanci, amma waɗannan kalmomin ya san su yadda kurtu ya san odar fareti. In an ce shake, ya miƙa hannu biyu gaba. In an ce tremble, a ba shi takarda ya riƙe ta gefe ɗaya tana karkarwa. Quiver kuwa matsowa ake yi a kalli leɓensa na ƙasa, wasu har da kunna fitilar waya. Wobble tafiya ce da tire daga ƙofa zuwa allo, sai sway, wanda ya fi tsana, a ce ya haɗe ƙafa ya rufe ido har jikinsa ya fara rangaji, yana jin numfashin mutane suna jiran ko zai faɗi. A ƙarshe ake fito da 'yartsana ta roba mai kai kamar ƙwallo, a ɗora masa a hannu a ce rock the baby. Nan ne aji ke kifewa da dariya, don ba jijjiga yake yi ba, kaɗa ta yake yi kamar mai kakkaɓe buhu.

"Kun ga bambanci? Abin da Baba yake yi shake ne. In kun yi wa baby haka a London, prison straight."

Ɗalibai suka riƙa cin jarrabawa, labari ya bazu, aji ya cika har ana ƙaro kujeru.

Cikin ɗaliban akwai wata nas, Prudence, wadda jarrabawar ta kayar har ta saba da matakalar. Ita ta ja shi asibitin da take aiki. Likita ya duba, ya ce ba lallai inji ne ya jawo ba, kuma ba ya warkewa, amma akwai ƙwayar da ke kwantar da shi na wasu sa'o'i. Ranar da Mika'ilu ya fara sha, ya zauna a ɗakinsa yana kallon hannuwansa a kan gwiwa, shiru kamar na wani. Ya ɗauko allura ya zura zare. Ya zare, ya sake zurawa. Ba abin da zai ɗinka.

Da Alhamis ta zagayo ya miƙa hannu a aji, hannu ya tsaya cak. Mista Bartholomew bai yi faɗa ba. Bayan an tashi ya kira shi ofis ya ba shi kujera.

"Baba, maganin nan tsada ce da shi, ba za ka iya ba. Makaranta za ta saya maka, kullum. Amma yana nan durowa na, ni zan ba ka da safe, ka sha a gabana. Thursday kawai ba sha. Rana ɗaya ne, ko ba adalci ba?"

Mika'ilu ya yi godiya har da durƙusawa. Ɗalibai da suka ji suka ce Oga mutumin kirki ne. Sai daga baya ya gane yadda abin ya zauna. Ƙwayar safe tana sakinsa kafin la'asar, shi kuwa ba ya tashi aiki sai an rufe bene. Lahadi ba a buɗe ofis, durowa a kulle. Hannunsa mai lafiya na tsintsiya ne da bokiti. Duk lokacin da yake nasa, da tsohon hannunsa yake.

Kulu ta haihu ranar Alhamis. Ya je barka da yammacin ranar, jikinsa ko'ina na rawa don murna da rashin magani. Aminullahi ya tare shi a ƙofa ya raɗa masa cewa mace ce, kuma sunan marigayiya za a sa mata, Juwairiyya. Mika'ilu ya shiga ɗaki ya durƙusa gaban gado ya miƙa hannuwa, yana cewa a ba shi amaryarsa. Kafin Kulu ta motsa, uwar mijinta, Hajiya Safiyatu, ta sa hannu ta ɗauke jaririyar.

"Malam Mika'ilu, kallo ma ai ya wadatar. Wuyanta bai yi ƙwari ba."

"Hajiya, yau ne kawai. Akwai magani, in na sha tsayawa yake yi cak."

"To madalla. Ran suna ka zo da tsayayyen, sai a ba ka. Amma ka zo kafin azahar, bayan nan gida na mata ne. Washegari kuma zan wuce da su Kankiya wankan jego, tunda ba uwa gare ta a nan ba."

Ba ta faɗi ranar dawowa ba. Kulu tana kallon zanen gado.

Suna ya faɗo Alhamis. Ya roƙi Mista Bartholomew hutun rana ɗaya, ko ƙwaya ɗaya ya riƙe a aljihu.

"Baba, ranar nan mai kyamara zai zo, video na talla za mu yi. Kai ne star. Ka gama naka da wuri ka tafi, ba wanda zai riƙe ka. Magani kuma ka san doka."

Don haka ranar Laraba ya karɓi ƙwayar a gaban Oga, ya jefa baki, ya kurɓi ruwa, ya maƙale ta a kunci har ya sauka ƙasa. Ya yini yana shara da hannu mai rawa, yana ɓuya in ya ji takun Oga.

Yanzu ga safiyar Alhamis, ga ƙwaya a aljihu. Ya san halinta: ba ta kamawa da wuri, jinkirinta ya fi tafiyar Karmo tsawo. In ya bari sai ya gama aji ya sha, zai isa gidan suna hannu bai kwanta ba, azahar kuma ta taho. Sai ya yi mata dabarar da ya sani tun Mpape. A wurin fasa dutse ba a jiran a yi nisa kafin a kunna igiyar nakiya. Kunnawa ake yi, a san tsawonta, a yi tafiya a natse, ta tashi bayan an kai tudun tsira. Zai haɗiye yanzu, ya hau ya yi musu rawar da suke so tun hannu na rawa, ya fito, ta kama shi a mota. Ya kwance ledar da haƙori, ya haɗiye ba ruwa, ya sa hularsa ta Juma'a a aljihu, ya hau sama.

Aji ya cika, har da waɗanda suka ci ado don kyamara. Mai kyamara ne bai zo ba. Aka kira shi ya ce yana gosulo. Da ya iso aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, aka tafi neman mai gyara. Mika'ilu yana tsaye a lungu yana jin abin na sauka a jikinsa, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu zuwa 'yan yatsu, irin sanyin da kullum yake jira da ɗoki. Ya riƙa roƙon Allah a zuci kada ya sauka. Bai taɓa zaton zai yi wannan addu'ar ba.

Wuta ta kawo, aka haska masa fitila a fuska.

"Okay Baba. Shake!"

Ya miƙa hannuwa, ya girgiza su da kansa. Ya yi da ƙarfi, har kafaɗa.

Sai wani mai ƙaton agogo a layin gaba, Abdulbasit, ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya, ya tuntsire.

"Wallahi acting yake! Ku duba, kamar mai kore ƙuda. Ashe duk watannin nan wasan kwaikwayo muke biya?"

"Baba ɗan fim ne!"

"A ba shi award!"

Mista Bartholomew ya ɗora masa kofi da faranti. Ba ƙwal, ba ƙwal. Ya fizge ya ɗora masa 'yartsana, ko don ya ga iyakar abin. Hannuwan Mika'ilu suka karɓe ta yadda suka daɗe suna son karɓa: kai a lanƙwasar gwiwar hannu, tafi a ƙarƙashin baya. Ya fara jijjiga ta a hankali, dama da hagu, a natse, yadda ya yi wa Kulu a Mpape kafin inji ya cinye shi. Tun da aka fara darasin nan ba a taɓa yin rock na gaskiya a ajin ba sai yau. Ba wanda ya rubuta. Mai kyamara ya sauke kyamara ya ce shi fa wuni aka biya shi, ba kwana ba.

"Baba," in ji Mista Bartholomew, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ka mai da ni maƙaryaci a gaban students ɗina?"

Prudence ta miƙe. Nufinta ta wanke shi.

"Sir, ba ƙarya yake yi ba, ni na kai shi asibiti. Ciwon gaskiya ne. Magani ya sha kawai."

"Magani? A ina ya samu?" Mista Bartholomew ya dubi Mika'ilu, ya dubi ƙofar ofis, ya gyaɗa kai. "Okay. Sister, yaushe zai sake shi?"

"Sai wajen la'asar."

"To za mu jira la'asar."

"Oga, sunan jikata ne yau. Kafin azahar aka ce in zo. Ka bari in je, gobe in yi muku har dare."

"Gobe babu kyamara. Ƙofa a buɗe take, Baba, ban ɗaure ka ba. Amma in ka sauka matakalar nan, ka wuce da buhunka, kuma ka manta da durowa."

Mika'ilu ya dubi ƙofar. Ya tuna allura da zare, ya tuna ba shi da wani ɗaki a garin nan, kuma ba a kwana gidan suruki. Ya zauna a kujerar da aka nuna masa.

Aka ci gaba da wani darasi a kansa kamar babu shi. Abdulbasit ne ya kawo shawara, ya ce ya karanta cewa baƙar gahawa na tayar da rawar hannu, a gwada mana ko za a rage jira. Aka haɗo mai kauri ba sukari, ya shanye, aka ƙaro. Wata ta ce a matsar da shi ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, ko ba komai a samu shiver. Aka matsar. Kiran sallar azahar ya shigo ta taga daga masallacin tasha. Ya yi salla a lungu, ya ɗaga hannu yana addu'a, hannuwan a tsaye kyam, ba mai amfani da su. Prudence ba ta sake kallon inda yake ba. Jarrabawarta saura mako guda.

Kafin la'asar ɗan yatsansa ya fara motsi. Wata ɗaliba ce ta fara gani.

"Sir! Sir! Ya dawo!"

Aka yi shewa kamar an ga wata. Ya dawo kuwa, da gahawa a bayansa, fiye da yadda ya taɓa zuwa. Takarda ta yi ta kaɗawa kamar tuta, cokali ya yi tsalle ya bar kofi, gwiwoyinsa na bugun juna. Aka yi tremble, aka yi wobble, aka sake sway don mai kyamara bai samu fuskar da kyau ba. Da aka zo kan 'yartsana ya riƙe ta da iyakar ƙarfinsa, ya danna ta a ƙirji, yana ce wa hannuwansa ku tsaya, don Allah ku tsaya. Ta zame ta ƙasan gwiwar hannu. Kanta ya daki tayil, ƙwas, ya cire ya gangara ƙarƙashin kujerar Abdulbasit.

Aji ya kife. Har da masu share hawaye.

"Wannan shi ne shot ɗin," in ji mai kyamara. "Kar a sake, ba za a samu kamarsa ba."

Mista Bartholomew ya dafa kafaɗarsa, fushi ya wuce. "Ka gani? Star! Je ka sunanka, ka gaida mai jego." Da Mika'ilu ya buɗe baki zai roƙi ƙwaya, ya ɗaga masa yatsa yana dariya. "Thursday ne har yanzu, Baba."

Rana ta yi ja kafin motar Karmo ta sauke shi. A lungun gidan ana tattara kujerun haya, mata na fitowa da ledojin cincin, ƙasa duk ƙashin rago da robar lemo. Ya tsaya ya sa hularsa ta Juma'a, ta karkace, ya bar ta haka. Aminullahi ya taso.

"Baba, sai yanzu? Tun safe mai jego take tambayarka."

A tsakar gida an jera akwatuna an ɗaure da igiya. Hajiya Safiyatu tana kan kujera tana ba da umarni. Ta amsa sallamarsa, idonta bai je fuskarsa ba, kan hannuwansa ya sauka.

"Lale, Malam Mika'ilu. Wannan ne tsayayyen?"

Wasu mata biyu da ke naɗe tabarma suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na motsi.

"Ya tsaya ɗazu, Hajiya. Wallahi ya tsaya."

"Allah sarki. Mu dai ba mu gani ba."

Kulu ta fito daga ɗaki da lalle a ƙafa, jaririya naɗe a farin tawul. Ta nufo shi kai tsaye, ta fara miƙo ta. Hajiya ta yi gyaran murya. Kulu ta tsaya a tsakiya, ba ta ƙarasa ba, ba ta koma ba. Shi ma bai miƙa hannu ba. Ƙarar nan ta kan 'yartsana a tayil tana cikin kunnensa tun daga Utako, kuma ya san ko da Hajiya ta ce a ba shi, ba zai karɓa ba.

Ya durƙusa a kan siminti. Tawul ɗin ya ɗan zame, ƙafa ɗaya ta leƙo, ja, 'yan yatsu a dunƙule. Ya ɗaga hannunsa na dama yana ta kaɗawa a iska tsakaninsa da ita, ya dubi 'yarsa.

"Kulu, riƙe ta ke, kar ki ba ni. Ɗora mini tafinki a bayan hannun nan kawai, yadda uwarki take yi, in taɓa ƙafarta."